Hanyar da Ta Yi wa Tulu Kaɗan

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tulu ake ce masa tun yana rarrafe, jikin kuwa bai ƙaryata sunan ba. A zamaninmu ƙiba ba abin kunya ba ce; in mutum ya ajiye tumbi, cewa ake matarsa ta iya girki.

Tun yana saurayi yake kai wa baƙi abinci a wani otal. Farar riga a goge, tawul a kafaɗa, faranti huɗu a hannu ɗaya, miya ba ta ɗiga. Ya san baƙon da ba ya cin yaji, ya san wanda likita ya hana gishiri. Da aikin nan ya aurar da 'ya'ya biyu, saura auta tana makaranta.

Sai aka kawo sabon manaja, sa'an 'yar Tulu ta fari. Ya ƙara tebura don a ƙara baƙi, hanyar tsakani ta matse. Tulu ya koma bi a karkace, yana ta "gafara dai". Ran nan ƙugunsa ya ture kofin wata baƙuwa.

"Baba," in ji manaja, "ban ce kana da laifi ba. Hanya ce ta yi maka kaɗan."

"Ranka ya daɗe, ai ba ni na ƙaru ba, tebura ne suka ƙaru."

Masu girki suka tuntsire da dariya. Manaja ko murmushi. Aka mai da Tulu wanke-wanke, ba a jima ba aka sallame shi.

Ni na raka shi wurin lauya. Ya saurare mu da ladabi, sannan ya ce da don addini ko ƙabila aka kore shi, da akwai magana, amma dokar aiki ba ta ambaci tumbi ba.

Tulu ya bar cin abincin dare, ya shiga shan jiƙe-jiƙe masu ɗaci, yana zagaya unguwa har ƙafa ta kumbura. Damuwa ta ƙarasa sauran. Da rigar ta yi masa yawa, ya goge ta ya koma otal neman aikinsa.

Manaja ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, lafiya kuwa? Wannan rama haka? Ai baƙi suna ganinka sai su ture abinci. Je ka ga likita tukuna."

Daga can ya biyo ta gidana. Na sa aka kawo masa abinci. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Yaya," ya ce, "yanzu in ci ne, ko kar in ci?"