Kwalbar Man Bindigar Kakana

Shekarun baya, ina karatu a Kuala Lumpur, na kamu da son tsofaffin bindigogin yaƙi. Dalili kuwa, kakana ya yi yaƙin Bama, abin da ya bar mana kuma wata 'yar kwalbar tagulla ce mai tsawon yatsa, duk ta yi baƙi. Mahaifiyata ta ba ni ita ranar da zan taho.

A ƙasar da nake karatun ba a wasa da dokar bindiga, don haka masu irin sha'awata ƙananan kayanta suke tarawa. Na samu wani dattijo Ba'indiye mai shagon kayan tarihi, na kwatanta masa kwalbar.

"Ta man goge bindiga ce, a cikin gindin bindigar ake ajiye ta," in ji shi. "Kawo ta ranar Asabar. Hatimin da ke ƙasanta zai faɗa mana inda aka ƙera ta."

Ni kuma da tarbiyyar gidanmu, ba a kai wa babba abu da datti. Na samu lemun tsami da soson ƙarfe, na zauna na dirje ta kamar tukunyar biki. Abokina ɗan Jos da muke ɗaki ɗaya a unguwar Pantai Dalam ya ce, "Oga, ka bar abin nan haka mana, haba." Na ce masa bai san darajar kaya ba.

Ranar Asabar na kai wa dattijon, ya juya ta a hannu. Can ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," na faɗa, har da murmushi.

"Ai ka goge hatimin."

Na karɓa na duba, wallahi hatimin ya tafi. Amma na ƙi haƙura. Kusan shekara guda, duk Asabar sai na hau jirgin ƙasa na je shagon. Ya ara mini tabarau mai ƙara girma da littattafai, na koyi karanta hatimai, na san bambancin bindigar wannan yaƙi da ta wancan. Mun haska kwalbar ta kowane gefe. Rabin harafi ɗaya kawai ya rage, bai kuwa isa ba.

Tun daga nan ba na taɓa tsohon abu sai na tambayi wanda ya sani. Yau kwalaben mai guda tara ne a kan teburina, takwas baƙaƙe ƙirin, kowacce zan iya faɗa muku inda aka ƙera ta. Ta kakana ce kaɗai ke walƙiya, ita kaɗai ce kuma ban san daga ina ta fito ba.