Masu Cin Mai a Ƙasan Tafki

Da damina wata motar masu shigo da man fetur daga Najeriya ta kife a bakin tafkinmu, gefen hanyar Mallawa. Jarkoki suka farfashe, mai ya malale cikin ruwa. Na sama rana ta shanye shi, amma wanda ya shige laka ya yi zamansa. In ka taka bakin tafkin, wari ne zai taso maka.

Lambun Inna yana dab da ruwan. Tun rasuwar Baba da shi take riƙe da gida: albasa, salati, tumatir, ranar kasuwa ta kai Dungas. Da ruwan tafkin take ban ruwa.

Rani ya shigo, ruwa ya ja baya, sai maza suka ce za su yashe lakar su buga tubali da ita, a huta da wari. Ina gida hutun jami'a lokacin, kuma ilimin ƙananan halittun ruwa da ƙasa nake karantawa. In aka tona, man da ke kwance zai tashi ya gauraye da ɗan ruwan da ya rage, shi kuwa Inna za ta zuba wa shukarta.

Na ja mayafi na nufi ƙofar mai gari. Ga maza zaune, ga diga da kwanduna an jingine a bango, safiya kawai ake jira. Na durƙusa can gefe, na ce:

"Ranka ya daɗe, a bar lakar nan yadda take. Akwai masu cin man a ciki."

Mai gari ya ce, "Su wa?"

"Wasu halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Can ƙasa suke cikin baƙar laka, suna ɓarzar man kaɗan-kaɗan har ya daina cutarwa. Aikinsu yana da nawa, sai an yi shekaru. Kumfar nan da ke tasowa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar aikinsu ce. Da gishirin laka da tsatsar ƙarfe suke numfashi, ba sa jituwa da iska. In an tona iska ta taɓa su, mutuwa za su yi."

Baffana, yayan Baba, ya gyara zama.

"Ke 'yar nan, kika ce ido ba ya ganinsu?"

"I, Baffa."

"Kuma ba sa ga maciji da iska?"

A nan na gane inda ya dosa. Ni iskar shaƙa nake nufi, shi kuwa iskoki ya ji, mutanen ɓoye. Na buɗe baki in gyara, ina! Liman ya riga ya fara neman tsari, wani yana cewa dama ya taɓa ganin ruwan yana tafasa ba wuta. Kowa ya ɗauki digarsa ya yi gida. Ba a taɓa lakar ba, har na ji sanyi a raina.

Ranar kasuwa na raka Inna. Mata suna zuwa, su dubi salatin nan shar da shi, su wuce. Wata ta faɗa a kunnena, ba ta san ni ba: na tafkin mutanen ɓoye ne, 'yar mai lambun ce ta faɗa da bakinta, kuma ta yi boko, ba za ta yi ƙarya ba. Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa, mutane suka taru, abin ya ƙara yaɗuwa. Har gobe in na tuna sai na ji haushi. Kasuwar gaba ma haka muka dawo da kayan, awaki suka ci.

Wata safiya na iske Inna tsaye a lambu da bokiti a hannu, ta ƙura wa kumfar ido. Ba ta juyo ba ta ce, "Su waɗannan naki, in sun gama cin man, za su tafi?"

Da na ce i, da ta ci gaba da ban ruwa. Amma ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Inna, ba za su tafi ba. Tun kafin a haife ki suna nan."

Ta daɗe tana kallon albasarta. Sannan ta tuttular da ruwan a ƙasa, ta kife bokitin a wurin, ta kama hanyar gida.