Malam Abdulrauf da Shekarar Rijiyar Lado

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, ina gona ina duba geron da ya fara fitar da kai, Sadisu ya tsayar da babur a bakin hanya ya tako har inda nake. Tun daga tafiyarsa na san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Ya durƙusa ya ce mahaifinsa, Malam Abdulrauf, ya cika da hantsi a gidansa na Limawa, in zo mu tafi jana'iza. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi haka, na sake faɗa, sannan na ji wani abu ya taso mini wanda ba kuka ba ne. Haushi ne, Malam. Ka tafi ba mu gama magana ba.

Ni Barau ban yi boko ba, kowa ya sani. Wannan rubutun nawa mai karkacewa kai ka koya mini shi ina da furfura, a ajin manya da ka buɗe a zauren gidanku duk sanda ka zo ƙauye hutu. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Da shi nake rubuta maka wannan, don waɗanda suka yi magana a wajen zaman makoki sun faɗi makarantun da ka koyar da Turanci da manyan da suka bi ta hannunka, amma babu wanda ya ambaci rijiya.

Mutum ne kai da ba ka ƙyale kuskure ya wuce. Na sha ganinka kana yi wa rediyo faɗa saboda mai labaran Turanci ya faɗi shekara ba yadda ake faɗa ba. Ka ce Bature raba shekara yake gida biyu kamar goro, ya faɗi rabin farko, ya faɗi na biyu. Ka ce kalmar da ake sa wa rana daban, wadda ake sa wa shekara daban. Na ce maka wannan wahalar banza ce. Mu a nan mun san shekarar ƙyanda, mun san shekarar da aka canja hannun mota, mun san shekarar sabon kuɗi, kuma ba mu taɓa ɓata ba. Ka yi dariya ka ce, to Yaya Barau, ranar da masu tunawa suka ƙare fa? 

Sanda ciwon ƙafa ya kwantar da ni, kai ka ɗauko ni a motarka zuwa asibiti a Dutse. Likitan baƙo ne, ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Na ce tun daminar da ruwa ya cinye gadar garinmu. Ka juya masa shi zuwa Turanci ba ka ko murmusa ba, kamar abin da na faɗa lissafi ne irin nasu. Wani ɗan boko da sai ya yi mini dariya tukuna. Wannan na riƙe maka shi.

To, ga maganar rijiya, don waɗanda ba su sani ba. A farin nan babba, da rijiyoyin garinmu suka ƙafe, mata suna kwana a hanyar neman ruwa, yayana Lado ya tara mu muka fara haƙa a gindin tsamiya. Shi ne a ƙasa, mu muna jan ƙasa da guga. Ana gab da cim ma ruwa gefe ɗaya ya rufta a kansa. Mun fito da shi ba rai. Bayan bakwai muka koma muka ƙarasa, don ya riga ya nuna mana inda ruwan yake. Har yau ita garin yake sha.

Shekaru da yawa bayan haka wasu baƙi suka zo suka ɗaure mata baki da siminti. Allah ya saka musu, ban hana su ladansu ba. Amma suka kafa allon siminti da rubutun Turanci, mai unguwa na lokacin yana tsaye yana washe baki. Kai ka karanta mini. Sunansu ne a kai, ba sunan Lado, kuma an ce an yi rijiyar a shekarun tamanin. Na tambaye ka wace shekara ce a ciki. Ka ce ba a ware ba, haka Bature yake yi, ya ƙara harafi ɗaya a bayan lamba ya ɗaure shekara goma wuri guda. Na ce shekara ba gero ba ce da za a ɗaure ta dami. Kuma ko damin ne, ba namu suka ɗauka ba. Yau jikokin Lado da kansu suna ɗiban ruwa a wurin suna cewa rijiyar baƙi. Na gaya musu, sun ce to Baba, suka wuce. Ni kaɗai na rage a garin cikin waɗanda suka ja igiyar nan.

Kai ne ka ce za a gyara. Ka yi magana da mai unguwa na yanzu, ka yi magana da Idirisu magini, aka yarda a kafa sabon allo, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, da sunan Lado. Sai ka ce ba za ka sa a zuba shekara a siminti ba sai ka tabbatar da ita. Nan muka saɓa. Ni na ce Lado ya rasu ana sauran kaɗan a canja hannun mota, don motar da ta kawo kawunmu gaisuwa ta hagu ta bi, na gani da idona. Kai ka ce a'a, shekarar sabon kuɗi ce, ta gaba da ita, don kana tsaye aka raba sadakar bakwai da sababbin kwabbai, yara suna juya su suna kallo. Na ce kai yaro ne a lokacin. Ka ce yaro ne ke lura da kwabo.

Ba ka tsaya a nan ba. Da ƙafarka mai ciwo ka je Ringim wajen wani da ya yi haƙar da mu, ka tarar hankalinsa ya tafi. Ka je Garki wajen ƙanwata, ta goyi bayanka, don dama ita tun tana yarinya ba ta taɓa goyon bayana ba. Ka dinga jera abu kusa da abu, wane aure ne ya riga wace haihuwa, wace haihuwa ce ta riga rijiya. Damina ta wuce, wata ta zo, allo bai tashi ba. Na ce maka taurin kanka zai sa mu mutu ba a rubuta ba. Ka ce nawa ko naka?

Zuwana na ƙarshe na same ka a kwance, Hajiya Rabi'atu tana yi maka fifita. Ka sa aka tashe ka zaune.

Ka ce, "Yaya Barau, a rubuta farkon shekarun saba'in. Taka tana ciki, tawa tana ciki. Babu ƙarya a ciki."

Na ce, "Damin Bature ke nan. Kai da bakinka?"

Ka ce, "Ni da bakina. Ƙaramin dami ne, kuma namu ne. Sunan Lado ya fi shekarar."

Na ce zan yi tunani, na ɗauki sandata. Kafin in gama tunanin Sadisu ya zo gona.

Tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri ɗaya. In je gona, in dawo, in zaga ta gindin tsamiya, in tarar da tsohon allon nan yana nan daram, in koma gida in rasa abin da na je yi. Ranar addu'ar uku 'yarka Umaima, wadda ta gaje ka a koyarwa, ta same ni a zaure ta ce, Baba, Idirisu yana jira, me za a zuba? Na ce a zuba abin da mahaifinki ya faɗa, da Hausar da Turancin, kar a canja ko harafi. A sa sunan Lado da manyan baƙaƙe yadda mai ɗiban ruwa zai gani ba sai ya sunkuya ba. Kada wani ya ɗauka na sauka daga maganata. Motar nan ta hagu ta bi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rabi'atu, da Sadisu, da Umaima da ƙannenta, da mutanen Limawa, da mutanen garinmu waɗanda ba su san abin da suka rasa ba tukuna. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku zumuncinku. Allah ya jiƙan Malam Abdulrauf, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa kowane baƙi da ya koyar ya zame masa haske. Allah ya kyautata tamu in ta zo, don ba ta da nisa.

Kuma ina roƙon Allah ya haɗa ka da Lado a Aljanna, Malam. In kun haɗu ka tambaye shi shekarar. Ka riƙe amsar, ina tafe.