Yatsun da Suke Naɗe Laimar Kumbo

Ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin rana ta fara gasa hamadar New Mexico, tsohuwar motar Doña Eufemia Baca takan tsaya a ƙofar tashar kumbo. Ta miƙa wa mai gadi burodin masara da gasasshen koren barkono, ta wuce doguwar rumfar da ke can baya, inda babu ɗan jaridar da ya taɓa leƙawa. Ta cire zobenta, ta wanke hannu, ta shimfiɗa laimar saukar kumbo a kan tebur. Shekara ashirin da uku ke nan tana haka, tun kumbon yana zane a takarda, ana gwada laimar da buhunan yashi.

Masu hannu da shuni kan zo daga ko'ina, roka ta cilla su sama, su yi minti uku suna shawagi babu nauyi, su leƙa duniya ta taga. Washegari a buga hotonsu. Amma abin da ke dawo da su ƙasa da ƙasusuwansu a haɗe laima uku ne, kuma Doña Eufemia ce ke naɗe su.

Ba ta yarda da ido kaɗai ba. Injiniyoyi su gama haska na'urarsu, ita kuma ta bi kowane ɗinki da tsirarar yatsa, daga wannan baki zuwa wancan. Casimiro Tafoya, mai walda, yana wurin ranar da ta tsayar da tashi alhali fasinjoji sun riga sun sa kaya. Wai yatsanta ya ji abin da bai gamshe shi ba. Shugaban tashar ya yi ta kumfar baki, aka warware laimar, sai ga ɗinki ya yi tsalle kusan taƙi guda.

Ranar tashi ba ta kallon roka. Takan jingina da shinge sai kumbo ya juyo, ta ƙirga laima ɗaya, biyu, uku, sannan ta saki numfashi. In fasinjoji sun fito, tambayarta ɗaya ce, ko laimar ta fizge su da ta buɗe.

"Mutane sun je sun ga ikon Allah, ke kina tambayar tsumma," in ji Casimiro.

"Tsumman ne ya dawo da su, sarkin surutu."

Mu da muka san ta mun san ba rashin so ba ne. Tun tana kiwon awakin mahaifinta a wannan fili, kafin a kewaye shi da waya, take ɗaga kai tana tunanin abin da ke bayan shuɗin nan. Begen ya tsufa tare da ita, ba ta dai faɗa ne.

Al'adar tashar ce duk shekara a jefa ƙuri'a, a ba ma'aikaci ɗaya kujera a kumbon. Bana sunanta ya fito, aka sa ranar Asabar. Da hannunta ta ɗinka sunan a ƙirjin rigar tafiya.

Ranar Talata tana bin wani ɗinki, sai ta farga ta wuce taƙi biyu yatsun hannunta na dama ba su ji komai ba. Babu wanda ya gani. Ta daɗe a zaune tana kallon rigar da ke rataye, sannan ta tashi ta sa a warware duk laimar da ta naɗe a makon, wasu hannaye su sake bi. Daga nan ta kai kanta wurin likitan tashar. Ya ce jijiya ce ta danne a wuya, ba zai sa hannu ta hau roka ba, aikin ma ya zo ƙarshe.

"Haba 'yar'uwa, kwana huɗu fa ya rage," Casimiro ya ce. "Da kin yi shiru."

"Mutum shida ne a ciki, ba ni kaɗai ba."

Sunansa ne na biyu a ƙuri'ar. Ya ce ba zai hau ba, ta wanke shi tas har ya yarda. Ranar Asabar ta jingina da shingenta, ta ƙirga uku. Da ya fito yana tangaɗi, ya buɗe baki zai ba ta labarin laima, sai ta riƙe hannun rigarsa.

"Bar zancen laima. Gaya min, saman baƙi ne da gaske?"

"Baƙi ƙirin, 'yar'uwa," ya ce, hawaye na zubo masa. Ta sa ya maimaita mata sau uku.

Doña Eufemia, ke ce mai dawo da mutane gida. Ke ce kika riƙe burin shekara sittin a tafin hannu, kika ajiye shi saboda mutum biyar da ba su ma san sunanki ba. Jumma'ar nan, ranar sallamarki daga aiki, za ki mayar da zobenki, ba za ki ƙara cire shi don aiki ba, kuma za mu yi kewar ki ƙwarai. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu tasowa a rumfar nan, ku bi ɗinki da yatsa yadda ta koya muku, ranar da yatsan ya daina ji kuma ku faɗa. Wanda duk ƙuri'a ta faɗa kansa, in ya sauko, ya bi ta gidanta ya gaya mata abin da ya gani.