Tiyon da Na Jefa a Bola

Lokacin da abin nan ya faru, shekara biyu kafin zuwan korona, ni ango ne ɗan shekara talatin, ina aikin cike takardun kwantena a wani kamfani a Jebel Ali da ke Dubai, ina haya a unguwar Al Qusais. Matata tana Kano da cikin wata biyar, muna jiran bizarta ta fito. Mahaifina tsohon bakanike ne, a garejinsa na yi wayo, don haka na tashi ina ganin duk abin da ke da inji ni ne maganinsa. A gaskiya ban taɓa wuce miƙa sifana ba, amma wa ya isa ya faɗa mini haka a lokacin? Na rubuto muku ne don na kusa hallaka matata da abin da ke cikinta da hannuna, kuma cikin murna da rawar kai na aikata hakan.

Wata Asabar na hango wata mota a wajen masu sayar da tsofaffin motoci. Ja ce wur, ƙirar Japan, kujera biyu kacal, ƙasa-ƙasa har sai ka durƙusa za ka shiga, ta kusa shekara ashirin a duniya. Ina ganinta zuciyata ta ce shi ke nan. Ciwonta ɗaya, ba ta da silo. Da ka tsaya a danja sai allurar inji ta hau ta sauka, jikinta ya kama kyarma kamar mai zazzaɓi, can ta mutu, na baya su cika maka kunne da hon. Mai sayarwar ya rantse mini matsalar shwaiya ce, wato 'yar kaɗan, ni kuwa ko bai rantse ba na riga na saya a raina. Na tura wa matata hoto, na yi mata alkawarin a cikinta zan ɗauko ta daga filin jirgi. Ta yi dariya ta tambaye ni ko a but za mu riƙa ajiye jaririn.

Wani abokina ɗan kasuwa ya ba ni wuri a bayan sitonsa. Duk Juma'a kafin masallaci da duk Asabar ina can, kai cikin bonet, gumi har cikin ido, amma wallahi ban taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba. Na canza fulogi, shiru. Na wanke maƙogwaron totur, shiru. Sai rannan na kara kunne na ji wani siririn huci yana fita daga tsakanin ƙananan tiyoyin iska da suka kewaye injin. Na lanƙwasa ɗaya, ya karye a hannuna kamar ɗanyar taliya. Ashe zafin Dubai ne ya gasa robobin suka tsattsage, injin yana ta zuƙar iskar sata. Ihun da na yi sai da masu lodi suka leƙo. Na sayo sabon tiyo shuɗi mai sheƙi, na zauna ina cire tsoho ina sa sabo ɗaya bayan ɗaya, ina waƙa.

Na kira mahaifina ta bidiyo don ya ga ɗansa. Ya yi murmushi ya sa mini albarka, sannan ya ce in kiyaye abu guda: duk abin da na cire kada in yar sai motar ta yi mako tana tafiya, domin wanda ya ƙera ta bai sa komai don ado ba. Na tuna tsohon daron da yake ajiyewa a ƙarƙashin benci, cike da tarkacen da muke yi masa dariya a kai. Na ce to Baba, a raina kuwa ina cewa zamanin daro ya wuce.

Tiyo na ƙarshe ya fi sauran kauri, ya taso daga inji ya shiga wata baƙar tukunya da ke daidai bayan birki. Da na cire shi na ji wani ƙullutu mai tauri a cikinsa. Na hura ta nan iska ta wuce, na hura ta can ta ƙi. Nan take na yanke hukunci cewa datti ne ya toshe shi, har ina yaba wa kaina da na gano abin da masu motar na baya suka kasa gani. Na wurga shi cikin durom ɗin bola, na yanko shuɗin tiyona mai laushi na maye gurbinsa. Na murza mukulli. Allura ta tsaya cak! Na ɗora kofin shayi a kan injin, ko motsi bai yi ba. Na taka rawa a wurin, na zaga unguwar na minti goma da sanyin safiya, birki lafiya lau, na ce khalas, aiki ya ƙare.

Matata ta sauka da azahar, a tsakiyar zafi. Abokina ya ɗauki akwatunanta a motarsa, ita kuma ta riƙe jaka ɗaya mai kilishi da yaji. Da ƙyar ta durƙusa ta shiga, muna ta dariya. Da muka hau babban titi na ba ta wuta, injin ya yi wani gurnani mai daɗi, matata ta riƙe ƙofa tana salati tana dariya, tana tuna mini cewa su biyu ne a kujerar nan. Maimakon in rage, sai daɗi ya ƙara ɗibata. Muna karya kwana za mu sauka daga titin, sai ga motoci a tsaye, tankar ruwa ce a ƙarshen layi. Na taka birki, na ji kamar dutse na taka. Na haɗa ƙafa biyu na danna, motar tana ta tafiya. Na ja birkin hannu, na karkatar da sitiyari zuwa yashin gefen titi, muka yi ta sulɓi har taya ta daki dakali muka tsaya. Da na miƙa hannu ta taga da na taɓa ƙarfen tankar.

Ledar yaji ta fashe, muna atishawa hawaye na zuba, amma matata ko kallona ba ta yi ba. Hannunta biyu suna kan cikinta, tana jiran ta ji motsi. Ban taɓa jin tsoro da tsanar kaina irin na tafiyarmu zuwa asibiti ba, har sai da likita ta jiyar da mu bugun zuciyar jaririn.

Wani dattijon bakanike ɗan Sudan ne ya duba motar. Ya nuna mini shuɗin tiyona, ya ce da ya yi zafi sai injin ya tsotse shi ya manne, birki ya rasa ƙarfin da ke taimakon ƙafa. Ƙullutun nan kuwa bawul ne, aikinsa ya riƙe wa birki ajiyar ƙarfi don irin wannan rana. Ya tambaye ni ina tsohon. Na koma bayan sito na zazzage durom da hannuna har na samo shi. Da na faɗa wa mahaifina bai yi faɗa ba, sai dai ya ce in ba shi surukarsa ya yi mata sannu. Da ma zagina ya yi.

Na sayar da motar, tiyon kuwa yana cikin durowata har yau. 'Yan'uwa masu son taɓa inji, ku taɓa, akwai daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka ce ba shi da aiki, kuma duk abin da ya shafi birki ka kai wa masu shi su duba kafin ka ɗauki ran wani. 'Yata tana gudu yanzu, kuma duk na dawo daga aiki sai ta rugo ta rungume ƙafata ta dama, wadda na taka birkin da ita ya ƙi.