Ranar da Wuta ta Tashi a Sansanin Soja, Jirgina ya Kife

A lokacin da abin nan ya faru ni mai fito ne, magidanci da mata da 'ya'ya uku, a wani ƙauye na bakin ruwa tsakanin Nguru da Gashuwa. Jirgin katako gare ni, wanda na gada daga mahaifina, ina tsallakar da masu noman shinkafa da tattasai zuwa fadama da safe, in kwaso su da yamma. A shekarun da aka yi ta fama da tashin hankali aka kafa wani ƙaramin sansanin sojoji a bayan garinmu, buhunan yashi ne kawai suka raba su da gidajen ƙarshe. Mun saba da su sosai. Matanmu na sayar musu da ƙosai da soyayyen kifi, ni ma nakan tsallakar da su. Amma ba mu taɓa tambayar abin da ke jibge a ƙarƙashin rumfar kwanonsu ba, kuma ba a taɓa zama da mu an ce ga inda za mu nufa in wani abu ya faru ba.

Da kaka ne, ruwa ya cika maƙil. An idar da sallar azahar ke nan, ina zaune a mashigi ina toshe wata 'yar ɓula a jirgi, sai na ji wata ƙara da ta girgiza ƙasa har ruwan ya yi rawa. Kafin in miƙe wata ta biyo, sai harsasai suka kama tashi ba ƙaƙƙautawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta wajen sansanin. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a waɗancan shekaru ya san abin da ya fara zuwa zukatanmu: an shigo. Ba wanda ya tsaya tambaya. Gari kaf ya kwararo bakin ruwa, mata da goyo, tsofaffi ba takalmi, kowa so yake ya ga kansa a tsallake.

Kan in ankara jirgina ya cika fiye da yadda na taɓa loda shi. Na ce ya isa haka, a bari in je in dawo, amma wani dattijo da nake gaisarwa kullum ya riƙe rigata yana haɗa ni da Allah kada in bar shi. Na hango wani soja ya taho a guje ta bakin gaɓa, yana ɗaga hannu yana ihu da gurɓatacciyar Hausarsa, ƙarar ba ta bari mun ji abin da yake faɗa ba. Ganin soja na gudu sai ya ƙara firgita mutane, wasu suka sake afkowa. Na dubi bakin jirgin, saura kaɗan ya yi daidai da ruwa. Na sani sarai. Duk da haka na kafa gora na tura.

Mun kai tsakiya aka yi wata fashewa da ta fi duka, wani guntun ƙarfe ya faɗo cikin ruwa kusa da mu yana huci. Mutane suka miƙe suka karkata gefe guda, ruwa ya fara kwararowa. Matar maƙwabcina tana zaune daf da ƙafata. Ta kwance goyonta ta tura mini shi a ƙirji, ta ce, “Malam, kai ka iya ruwa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Jirgin ya kife. Na ɗaga yaron sama da hannu ɗaya, na yi iyo da ɗayan har na samu ciyawar kacala na riƙe. Masunta suka zo da jiragensu suka tsamo mutane da yawa. Ita uwar yaron ba a samu gawarta ba sai washegari. Dattijon nan ma ya rasu, da wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa.

Daga baya muka ji gaskiyar magana. Babu wanda ya kawo hari. Wuta ce ta kama wajen zuba wa janareta mai, ta bi ta kai ga makamai. Sojan nan da muka ɗauka tserewa yake, cewa yake mu hau bayan tudu mu kwanta, kada mu shiga ruwa. A cikin gari kwanon wasu gidaje ya yage, wasu sun ji rauni, amma wutar ba ta kashe ko mutum ɗaya daga cikinmu ba. Duk wanda muka binne, daga jirgina ya fito.

Babu wanda ya zarge ni, kowa cewa yake ƙaddara ce, kuma na yi imani da haka. Maƙwabcina, mijin matar nan, har gida ya zo yi mini godiya saboda yaron, na kasa haɗa ido da shi. Na bar fito, yanzu busasshen tattasai nake saye da sayarwa a kasuwar Gashuwa. Amma in tayar mota ta fashe sai in ji ƙirjina ya yi nauyi kamar an sake tura mini goyo. Yaron ya girma, in na je gida yakan durƙusa ya gaishe ni. Idanun uwarsa gare shi.

Abin da na koya shi ne tsoro in ya zo ba ya ba mutum lokacin tunani, sai abin da aka riga aka shirya. Ina roƙon duk wanda ke maƙwabtaka da sansanin soja ko wurin ajiye mai, ku sa bulamanku, wato mai garinku, da limaminku su je su zauna da manyan wurin tun ana zaune lafiya. A tsayar da inda za a taru, da hanyar da za a bi, da wanda zai yi shela ta lasifikar masallaci, da wanda zai ɗauki tsoho da mara lafiya. A gaya wa mata da yara, a maimaita musu. Ku kuma masu fito da direbobi, in kun san kaya sun fi ƙarfin abin hawa, ku ƙi tashi ko da za a zage ku. Zagi yana wucewa. Ni na kasa jure roƙon mutum ɗaya a bakin gaɓa, ga shi har yau ina roƙon Allah ya yafe mini mutum huɗu.