Rabin Awar da Na Ware wa Gosulo

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, wasu ma da gangan, amma akwai wata Juma'a guda da na yi a Ikko wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam za ta rage. Har yau idan na ji mutum ya ce "ai nan kusa ne," sai na ji tafin ƙafata ya ɗau zafi.

Bari in faro daga farko, don ba na son labari mai tsalle-tsalle. A Dingyadi nake zaune, noman albasa da gero nake yi. Wana ya rasu ya bar ɗa namiji guda, ni na riƙe shi har ya girma ya tafi Ikko yana sana'ar ɗinki. A can ya ga yarinya, 'yar wani Alhaji mai sayar da hatsi. Alhajin ya yaba da yaron, amma ya kafa sharaɗi ɗaya: ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai ga iyayensa ba. Ya ce ban da waya, ban da wakili, a taso daga gida a zo a tsaya gaban jama'a a nemi auren. Aka sa rana, Juma'a, da an sallame salla, a masallacin unguwarsu. In mun zo a ɗaura, in ba mu zo ba magana ta mutu. Haka ya faɗa, kuma an ce mutum ne da ba ya maimaita magana.

Na shirya kayana bi da bi, goro, alawa, da rabin buhun albasa na tsaraba. Sannan na yi kuskuren farko, wato na yarda taubashina na Mandera, ɗan gwaggona, ya raka ni. Wannan bawan Allah ya taɓa raka shanu Ikko sau ɗaya tun yana saurayi, ya yi kwana uku ya dawo. Tun daga nan ya zama malamin Ikko na ƙasar Shagari gaba ɗaya. Ko maganar taki ake yi, sai ya ce, "Ai mu can Ikko ba haka aka yi ba."

Ranar Alhamis da rana muka sauka. Angon ya tarbe mu a tasha, ya kai mu unguwar, ya nuna mana masaukin da ya tanada. Ɗakin wani abokinsa ne, a saman injin niƙa, bayan masallacin da za a ɗaura auren. Kwata a bakin ƙofa, banɗaki sai an bi layi, kuma duk lokacin da aka tayar da injin sai dabe ya kama rawa.

"Baffa, ƙarami na," in ji shi, "amma in kun hito, taku kaɗan kun iso masallaci."

Taubashina ya dubi ɗakin sama da ƙasa, ya toshe hanci da bakin rawaninsa. "Nan? Mu da munka taso tun daga Sakkwato da sunan iyayen ango, a aje mu bisa injin niƙa kamar buhun dawa? In surukai sunka aiko gaisuwa, nan za su ishe mu?"

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Ni mutum ne mai son tsafta da tsari, kuma akwai ɗan girman kai irin na wanda ya saka sabuwar shadda a jaka. Sai taubashin nawa ya ce ya san wani mutumin Shagari da ke gadin wani babban gida a tsallaken ruwa, maigidan ya yi tafiya, akwai ɗakin baƙi da fanka da famfo. Ya buga masa waya, aka ce mu taho.

Yaron ya marairaice. "Baffa, don Allah ku yi haƙuri da wanga. Can akwai gada tsakani, kuma gobe Juma'a ta. Gosulo..."

Na ɗaga masa hannu. Na ce tambaya zan yi, ya ba ni amsa. "Nisan ya kai daga gida zuwa Bodinga?"

"Kamar haka, ko shi ɗara kaɗan. Amma..."

"To shi ke nan."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Tafiyar da nake yi a babur kafin shayi ya huce, ita za a tsoratar da ni da ita? Kalmar gosulo kuwa na san ta, ko in ce na zaci na san ta. A wurinmu gosulo iri biyu ne. Ko dai ranar kasuwa babbar mota ta tsaya a karkace, ko kuma garken shanu ya ratsa titi a hanyar Shagari. Sai ka kashe babur, ka gaisa da makiyayi, ka tambayi lafiyar dabbobi, ka jira ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce, ka tayar. Mafi tsawon da na taɓa gani bai wuce kwatan awa ba. Saboda haka, don taka-tsantsan, sai na ninka. Na fito da takarda na rubuta: tafiya rabin awa, gosulo rabin awa, alwala da gaishe-gaishe rabin awa. Ana tayar da salla ƙarfe biyu, ke nan mu tashi sha biyu da rabi. Da yake ni ne, na ce sha biyu daidai. Na linke takardar na sa a aljihu ina jin ba a taɓa yin tsari irin wannan ba.

Gidan kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Da yamma mai gadin ya hau da mu saman bene, iska na kaɗawa, ya nuna mana tsallake. "Unguwarsu can ta, bayan dogayen benayen can."

"Ka gani ko?" in ji taubashina. "Ana ma ganin wurin da ido! Yaran zamanin ga tsoro ya yi musu yawa."

Mai gadin ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai in ni na, da an yi sallar asuba zan kama hanya."

"Mu tahi mu share musu masallaci ke nan?" in ji taubashina. Muka yi dariya, ni da shi, dattawa biyu masu furfura. Mutum na biyu ke nan da ya gaya mana gaskiya a yini guda.

Ranar Juma'a sha biyu daidai muna cikin tasi, shadda na ƙara, turare na tashi, albasa a but. Da direban ya ji wurin da za mu da lokacin da muke son isa, ya dubi agogonsa, ya dube mu, ya faɗi wata magana da yarensu. Ban ji ba, amma na gane ba yabo ba ne. Minti goma na farko mota ta yi gudu lafiya. Taubashina ya miƙe ƙafa yana cewa, "To ina gosulon nasu?" Bai rufe baki ba muka hau gada, muka tsaya.

Sha biyu da kwata muna daidai wani turken fitila. Na leƙa ta taga ina neman abin da ke tsallakawa. Allah ya sani, shanu nake nema. Da ban gani ba sai na tambayi direban, wanda ke jin Hausa kaɗan-kaɗan, me ya faru a gaba.

"Baba, ba komai. Haka ne."

"Haka ne kamar yaya? Wa ya tare hanya?"

"Kowa," in ji shi, ya kashe mota.

Sha biyu da minti arba'in da biyar rabin awata ta ƙare, turken fitilar nan yana nan kusa da kunnena. Ƙarfe ɗaya mun matsa tsawon mota uku. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu wanda hankalinsa ya tashi. A wurinmu in hanya ta toshe, kowa sauka yake yi, a ba da shawara, a yi faɗa, a tura mota. Nan kuwa wata mata a motar gefenmu tana gyaran ganyen miya a cinyarta, wani ya rufe fuska da jarida yana barci, masu talla suna yawo tsakanin motoci da biredi da ruwa da matashin kai. Da na ga mai matashin kai ya yi ciniki, sai na gane ba yanzu za mu bar wurin nan ba.

Waya ta yi ƙara. Angon ne. Kafin in yi magana taubashina ya fizge. "Ga mu nan, mun kusa! Muna ma ganin unguwarku!" Wannan dai ba ƙarya ya yi ba, muna ganinta, kamar yadda muka gan ta jiya.

Ƙarfe ɗaya da rabi na yanke shawara. Na ce mu sauka mu taka. Direban ya ce gadar doguwa ce, kuma babura ba sa hawa ta. Na ce ko ta kai Gusau sai mun taka. Na ɗauki jakar goro da alawa, na dubi taubashina, na nuna masa buhun albasa.

"Ni? Da shaddata?"

"Kai ka san gari," na ce. "Ɗauka."

Haka muka bi gefen gada, rana a tsakiyar ka, hayaƙin motoci a fuska, sabon takalmi yana yankar dunduniya. Malamin Ikko yana gaba da albasa a ka, rawani ya warware yana jan ƙasa. Tsallaken da muka gani jiya kamar a miƙa hannu a taɓa, yau muna matsawa yana matsawa. Muna tsakiyar ruwa muka ji lasifikoki daga nesa ana tayar da salla. Na san matafiyi yana da rangwame, amma ban taɓa jin rangwamen wanda ya kwana a gari ya rasa Juma'a saboda fanka ba.

Biyu da rabi waya ta sake ƙara. "Baffa, an sallame. Mutane na zaune. Alhaji shina tambaya." Na ce ya roƙa mana arziki, muna tafe. Kira na uku bai yi dogon bayani ba. "Sun tashi," kawai ya ce.

Da muka sauka gada muka samu babura biyu, muka iso masallaci ana shirin kiran la'asar. An naɗe tabarmin waje. Yaron yana zaune a bakin dakali cikin farar babbar rigar da ya ɗinka da hannunsa, abokansa biyu a gefe. Ya miƙe ya karɓi jakar hannuna ya ce, "Sannunku da hanya, Baffa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Aka kai mu zauren Alhaji. Yana zaune da liman da dattawa uku. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma na durƙusa. Bai amsa gaisuwata da kyau ba. Taubashina ya ajiye buhu, ya goge gumi, ya fara: "Ranka shi daɗe, wallahi motarmu ta lalace bisa gada, taya ta..."

"Ba ta lalace ba," na ce. "Alhaji, yaron ga ya samo muna ɗaki nan bayan masallaci, mu munka raina shi munka tahi tsallake. Ya ce akwai gosulo, na ɗauka irin na shanu na. Laihin nawa na. In akwai hukunci, ni za a yi wa, ba shi ba."

Alhaji ya ɗago kai. "Irin na shanu?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, tun daga kashe babur har ɗan maraƙin ƙarshe. Don ya san ba sakaci na yi ba, na zaro takardata, wadda gumi ya jiƙa, na miƙa masa. Ya karanta a hankali. Ya sake karantawa. Ya miƙa wa liman.

"Gosulo, rabin awa," liman ya karanta da ƙarfi. Ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa. Dattawan suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gani sai ya kifa kai. Ni dai ina durƙushe, ban ga abin dariya ba.

Da suka lafa, Alhaji ya ce, "Tun da aka watse, mutum uku sun zo nan sun ce mini yaron nan ba shi da kowa, hayar baffa ya yi aka ƙi zuwa. Har na fara yarda. Da kun tsaya a kan maganar taya da na sallame ku, don ƙaryar mota kowa a garin nan ya iya ta. Amma mutumin da ya ware wa gosulon Juma'a rabin awa, har ya rubuta a takarda, wannan daga gida ya taso. Ba a samun irinku haya."

Bayan sallar la'asar aka ɗaura auren, da sahu ɗaya da rabi. Jama'ar da yaron ya yi wata guda yana gayyata duk sun tafi, abincin ma an cinye. Ya samu matarsa, amma ranar da ya ci buri a kanta mun lalata masa ita, kuma ba a sake irinta. Takardata kuwa Alhaji bai dawo mini da ita ba. An ce har yanzu yana nuna wa baƙi.

Taubashina yana nan Mandera yana ci gaba da karantar da mutane Ikko. Yanzu ma abin ya ƙaru, don cewa yake yi sau biyu ya je.

Ni dai ga abin da na ɗauko. A garin da motoci suka fi hanya yawa, ba a zaɓen masauki don kyansa, kuma ba a tambayar nisa. Tambaya ake yi awa nawa, a wace rana, da wane lokaci, sannan ka kwana a ɓangaren da buƙatarka take ko da a tsaye za ka kwana. Wanda ya fi wannan kuwa, furfurar da ka tara a garinku ba ta san hanyar garin wasu ba. In wanda ke zaune a wurin ya buɗe baki zai yi maka gargaɗi, ko da kai ka yi masa wankan jarirai, rufe naka bakin ka ji.